Kalma ɗaya a littafin aji da katin asibiti: me ya haɗa hucin baƙi da kunu a huhu?

Bilkin_Tudu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a sashen nazarin harsuna. Makon jiya malaminmu na ilimin furuci ya koya mana wani abu da Turawa ke kira aspiration, wato ɗan hucin iskar nan da ke biyo bayan wasu baƙaƙe idan an furta su. Har takarda ya sa muka riƙe a gaban baki muna ta "pin, spin, pin, spin" kamar masu tofi. To shekaranjiya aka kwantar da Babanmu. Wata huɗu ke nan yana fama da shanyewar ɓarin jiki, sai zazzaɓi da tari suka taso masa. Na ɗauki katinsa na duba, sai ga kalmar nan dai, an rubuta aspiration pneumonia. Likita yana sauri, abin da ya ce kawai shi ne kunu ya bi ta huhu. Da yamma kuma nas ta sa sirinji a robar da aka zura masa ta hanci ta zuƙo wani ruwa, ita ma na ji ta ambaci kalmar. Tambayata biyu ce. Me ya haɗa waɗannan abubuwa har suka ci suna ɗaya? Sannan laifinmu ne, mu da muke ba shi kunun?

Baban_Ilham:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Nas_mai_kwanan_dare:
Amin. Ƙanwata bari in fara da ta biyun, don ita ce ke hana ki barci. Ba laifinku ba ne. A maƙogwaro hanya biyu ce ta rabu, ta gaba ta numfashi, ta baya ta abinci. Duk haɗiyar da kika yi, maƙogwaro yana ɗagawa sama, wani ɗan murfi ya kife kan hanyar iska, numfashi ya ɗan tsaya, lomar ta wuce ta baya. Ki ɗora yatsa a wuyanki ki haɗiyi yawu, za ki ji abin ya hau ya sauko. Shanyewar ɓarin jiki tana lalata wannan tsarin. Mafi muni ma, wasu masu ciwon ba sa ko tari idan ruwa ya kauce, domin jin wurin ya mutu. Mai lafiya in ya ƙware kowa zai sani, ido ya yi ja, a yi ta bubbuga masa baya. Shi kuwa Baba yana iya shan kununsa lafiya lau a idonku, alhali kaɗan-kaɗan yana gangarawa huhu tare da ƙwayoyin cutar baki. Sai bayan kwanaki zazzaɓi ya tona asiri.

Wanda kika ga nas ta yi kuma daban ne. Tana zuƙo ruwan ciki ne ta gwada, ta tabbatar bakin robar yana cikin tumbi bai kauce zuwa huhu ba, kafin ta zuba masa abinci.

ɗan_Damagaram:
A kan ta farko, babu wani sirri. Kalmar Latin ce, aspirare, daga spirare wato yin numfashi. Masu nahawu suka ɗauka don hucin da ke fita, likitoci suka ɗauka don abin da ake shaƙa ko ake zuƙowa. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci, injin share ƙura ma aspirateur muke ce masa. Kuma Turawa har buri suna kira da wannan kalma. Kada ki wahalar da kanki neman dangantaka, gado ne kawai aka raba.

Sarkin_Zolaya:
To ashe shi ya sa ake shan asfirin. Na gano.

ɗan_Damagaram:
@Sarkin_Zolaya kai dai ba ka rabo da abin dariya. Asfirin sunan da kamfanin Bayer na Jamus ya raɗa ne a 1899, daga sunan wani tsiro da ake kira Spiraea. Ko a mafarki ba su haɗu ba.

Malam_Alaramma_Gwale:
Allah ya ba mahaifinki lafiya 'yata. Ni ban san furucin boko ba, amma abin da kika kwatanta da takarda mu a tajwidi mun san shi, shi ne hamsu, gudanar numfashi tare da harafi. Haruffansa goma ne, an tattara su a "fahassahu shakhsun sakat". Inda ya fi fitowa fili shi ne kaf da ta idan suna da sukun. Yaro ya karanta "Allahu akbar" ya danne kaf ɗin ba tare da ya saki ɗan numfashi ba, sai mu mayar da shi. Tafin hannu nake sa su ɗora a gaban baki. Wannan ilimi tun zamanin Sibawaihi ake rubuta shi, sama da shekara 1200.

Furuci_da_Ƙa'ida:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, sai dai in ƙara ɗan bayani da izininka. Hamsu ya fi faɗi. A cikin goman nan akwai sin da shin da fa, waɗanda iska ke zuza a cikinsu tun daga farko har ƙarshe. Abin da Bilki ta koya ya taƙaita ne ga baƙaƙen da ake tare iska gaba ɗaya sannan a sake ta, irin su p, t, k. Don haka kaf da ta ɗin da Malam ya ambata su ne daidai wurin da ilimin biyu suka haɗu.

Yadda abin yake: idan ka buɗe leɓe bayan p, tantanin maƙwallato, wato wanda kaɗawarsa ke ba da murya, yana iya fara kaɗawa nan take don wasalin da ke biye, ko ya ɗan jinkirta yana buɗe. In ya jinkirta, iska ta fice a banza, shi ne hucin. A "pin" akwai jinkiri, a "spin" babu. Jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba galibi, amma kunne yana kama shi. Lisker da Abramson ne suka auna shi a harsuna da dama a 1964. A rubutun furuci ana ɗora ƙaramin h a saman baƙin.

Bature bai damu da bambancin ba, domin ba ya sauya masa ma'ana. Faransanci kuma p da t da k ɗinsa ba su da huci, @ɗan_Damagaram zai shaida.

ɗan_Damagaram:
Na shaida. Shi ya sa in ɗan Nijar ya yi Ingilishi kuke ganewa tun kalmar farko. Abin dariya ma, a Faransanci akwai abin da ake kira h aspiré, amma ba a furta shi sam. Aikinsa kawai ya hana kalma manne wa ta gabanta. In ka manta da shi a les héros, jarumai, sai ka ce les zéros, sifirai. Malaminmu na firamare ya sha dukanmu a kan wannan.

Maman_Sadiq_Fagge:
Ku yi haƙuri in dawo da ku asibiti. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗura. Ɗana na fari yana wata tara, ya ƙi cin komai, wata tsohuwa a gidanmu ta ce a kawo shi. Ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba koko, ta toshe masa hanci. Ina tsaye ina kallo, don mu ma haka aka yi mana. Yana kuka yana haɗiya, kokon yana kumfa a gefen baki. Can sai kukan ya ɗauke, leɓensa ya sauya launi. Wallahi ƙafata kasa ɗaukata ta yi. Ya dawo ya yi ta tari, muka ce shi ke nan. Cikin dare jiki ya yi zafi, numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Kwana tara muka yi a asibiti da robar iska a hanci. Yanzu yana aji uku a sakandare. Tun daga ranar ko a gidan suna na ga ana ɗura sai na yi magana, a ce na cika iyayi, na yarda.

Hajiya_Inna:
'Yata Allah ya raya shi. Amma mu 'ya'ya takwas muka raina da ɗura, ba wanda ya kwanta asibiti. Akwai iyawa a ciki. Yaron da ya ƙi ci fa, a zuba masa ido ya rame?

Nas_mai_kwanan_dare:
Hajiya, da girmanki, ba na musun naki takwas sun tsira, Allah ya kiyaye su. Amma mu da ke ɗakin yara muna ganin waɗanda ba su tsira ba. Ba maganar iyawa ba ce. Yaron da aka toshe wa hanci dole ya ja iska ta baki, bakin kuma cike yake da koko. Yana kuka hanyar iska a buɗe take. Komai ƙwarewar hannu ba ki da iko da daƙiƙar da zai ja numfashi. In yaro ya ƙi ci, a zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali sau da yawa, a kuma duba dalili. Sau da yawa ciwon baki ne ko zazzaɓi ko kunne.

Hajiya_Inna:
To, na ji. Zamani ne.

Mai_Shago_Sabon_Gari:
Tunda an zo nan, kananzir fa? Yaron maƙwabcina ya sha a gorar lemo, aka ɗura masa manja ya yi amai. Kowa a layinmu ya san manja ne maganinsa.

Dakta_Ƙauye:
Don Allah a daina. Kananzir a ciki bai cika yin ɓarna mai yawa ba, a huhu yake kisa. Ruwa ne marar kauri, ɗigo kaɗan in ya shiga sai ya bazu ya ƙona huhun. Da aka sa yaron amai, an sake biyo da kananzir ɗin ta bakin hanyar iska karo na biyu ke nan. Manjan kansa in ya faɗa huhu wata cutar ce. Kada a ba shi manja, kada a ba shi madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire kayan da suka jiƙe, a wanke fata, a kai shi asibiti ko da yana wasa, domin alamun kan ɗauki awanni kafin su fito. Kuma a daina zuba kananzir da fetur a gorar ruwa ko ta lemo.

Haka mai farfaɗiya ko wanda ya suma. Ana ganin mutum ya faɗi sai a nemo ruwa a ɗura masa, wani ma har da cokali a baki. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya kare hanyar iskarsa. A kwantar da shi ta gefe kawai, yawu da amai su zubo waje.

Sarkin_Zolaya:
Dakta yau ka rushe mana rabin asibitin unguwa.

Yar_Indiya:
Ni dai furucin ne ya ja hankalina. @Furuci_da_Ƙa'ida, shin shi ya sa a finafinan Indiya ake rubuta bhai da h? Mu dai "bai" muke cewa tun muna yara.

Furuci_da_Ƙa'ida:
Shi ne fa. Indiyanci ya kai abin ƙarshe, don huɗu yake rarrabewa inda Bature ke da biyu: p, ph, b, bh, haka ma a jerin t da k. Pal ɗan lokaci ne, phal 'ya'yan itace. Saat bakwai, saath tare. Daan kyauta, dhaan shinkafar da ba a sussuke ba. Su bh da dh da gh ɗin nan sun fi wuya, domin tantanin yana kaɗawa amma bai rufe sosai ba, murya da iska suna fita tare, kamar mai magana yana nishi. Sunan ƙasar ma da shi ya fara, Bharat. Ghar, gida, shi ma haka.

A Sinanci kuwa abin da ake rubutawa b da p duk marasa ziza ne, wato tantanin ba ya kaɗawa a cikinsu, huci kaɗai ya raba su. Kuma tsibirin Phuket na Tailan ba da f ake faɗinsa ba, p ne mai huci.

Kafin wani ya ce su Indiyawa sun wahalar da kansu, mu tuna namu. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, dafa da ɗafa. Bilki ki gwada da takardarki: ki ce "kafa", za ta ɗan motsa. Ki ce "ƙafa", ƙ ɗin ba ya tare da wannan hucin, domin maƙwallato a rufe yake ruf, iskar da ke sama da shi kawai ake tunkuɗowa. Shi ya sa za ki iya riƙe numfashi ki yi ta ƙ, ƙ, ƙ ko ts, ts, ts. Ba'indiye zai sha wuya a nan kamar yadda muke sha a bh.

Yar_Indiya:
Na gwada a ɗaki har ƙanwata ta leƙo ta ce lafiya.

Ummu_Hanan:
@ɗan_Damagaram ka ce babu dangantaka sai gadon Latin. A kan kalmar na yarda, amma a jiki akwai. Ni aikina ke nan, gyaran magana da haɗiya, kuma ba banza aka haɗa biyun a sana'a ɗaya ba. Tantanin nan da Malam Furuci ke cewa yana jinkirin rufewa a "pin", shi ne dai yake matsewa ya rufe hanyar huhu idan za ka haɗiya, shi ne kuma yake rufewa kafin tari ya fashe da ƙarfi. Mutumin da ɓari ɗaya na tantaninsa ya shanye, misali bayan aikin maƙoƙo in an taɓa jijiyar, muryarsa takan koma mai huci, iska na zuba, tarinsa ba ƙarfi, kuma yakan ƙware da ruwa. Ƙofa ɗaya ce. Idan na shiga wurin majiyyaci, kafin in ba shi komai sai na ce ya ce "aaa". Na ba shi cokalin ruwa, in ce ya sake. In muryar ta fito a jiƙe kamar mai kurkure maƙogwaro, na san ruwa ya zauna inda bai kamata ba.

Bilki, idan an cire wa Baba robar, ga abin da za ku kula da shi. A zaunar da shi sosai, ba jingine a filo ba, kuma ya zauna haka rabin awa bayan ci. Ƙaramin cokali, sai ya haɗiye na farko a ba shi na biyu. Kada a ba shi yana gyangyaɗi, kada a ja shi da hira yana ci. A duba kuncin ɓarin da ya shanye, abinci na maƙalewa a can. A wanke masa baki safe da dare ko da ba ya cin komai ta baki, wannan mutane na raina shi alhali ƙwayoyin bakin ne ke haifar da ciwon huhun. Ruwa tsararo ya fi saurin kaucewa a wurin da yawansu, abu mai ɗan kauri ya fi sauƙin sarrafawa, amma kaurin da ya dace da shi sai an gwada shi tukuna. Kada ku yanke da kanku.

ɗan_Damagaram:
Na karɓi gyara rabi. Wanda ya raɗa kalmar dai bai yi wannan tunanin ba.

Ummu_Hanan:
Ban ce ya yi ba ai.

Baban_Ilham:
Tambaya Dakta. Matata za a yi wa aiki aka ce kada ta ci komai tun dare. Mahaifiyarta ta tausaya mata ta ba ta shayi da burodi da asuba a ɓoye. Da suka ji sai aka ɗaga aikin, muka yi ta jin haushi. Wannan ma ciki yake?

Dakta_Ƙauye:
Tsakiyarsa ma. Maganin barcin tiyata yana kashe tari da haɗiya, abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya gangara huhu, ga shi da tsami mai ƙuna. Wani likitan mata a birnin New York, Curtis Mendelson, shi ya bayyana wannan a 1946 a kan mata masu haihuwa da aka sa wa maganin barci, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Ƙa'idar da aka fi bi yanzu ita ce awa 6 bayan abinci marar nauyi, awa 8 in mai maiƙo ne, awa 4 ga jariri bayan nono, awa 2 bayan ruwa zalla. Shayi da madara da burodi abinci ne. Waɗanda suka ɗaga aikin sun yi muku gata. Kuma gara da aka faɗi gaskiya, masu ɓoyewa su ne tashin hankalinmu.

Tunda Bilki ta tambayi ɗaya ma'anar, ta zuƙowa, tana da yawa a wurinmu. Ƙari a wuya ko a nono, a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin ciki a duba a madubin likita. Ɓargo ana zuƙo shi daga ƙashin ƙugu. Ruwan da ya taru a ƙirji ko a gwiwa ana janye shi da sirinji. Wankin ciki bayan ɓari ma yawanci da wani babban sirinji na hannu ake yi. Don haka in kun ga kalmar a kati, ku tambaya wacce ake nufi, wadda ta faru da majiyyaci ko wadda za a yi masa.

Maman_Sadiq_Fagge:
A ƙara da gyaɗa Dakta. Ana ba yara 'yan shekara ɗaya suna gudu da ita a baki.

Dakta_Ƙauye:
Ƙwarai. Ƙasa da shekara uku turamensu ba su gama fitowa ba, ba sa iya niƙa ta sosai. In ta faɗa, ta fi bin reshen dama na hanyar iska saboda ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Yaro ya ƙware, ya lafa, sai a yi makonni ana maganin tari ko asma. Gyaɗa kuma ba ta fitowa a hoton ƙirji kamar yadda kwabo ke fitowa. Duk uwar da ta tuna ranar da yaro ya ƙware kafin tarin ya fara, ta faɗa wa likita, wannan labarin ya fi hoton amfani.

Malam_Alaramma_Gwale:
@Furuci_da_Ƙa'ida na gwada maganarka da almajirai bayan la'asar. Ƙaf ɗin Larabci da yawansu da ƙ ɗin Hausa suke karanta shi, kuma ba ɗaya ba ne, na Larabci ya fi can ciki. Wannan ya daɗe yana damuna. Wata rana sai mu buɗe masa zaure nasa.

Furuci_da_Ƙa'ida:
In sha Allahu Malam, ni ma ina da tambayoyi a kan ɗa mai hannu.

Bilkin_Tudu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Zazzaɓin Baba ya sauka jiya, amma sun ce robar za ta zauna tukuna. Na karanta wa Mama abin da Anti @Ummu_Hanan ta rubuta, sai ta yi shiru, ta ce ai wata huɗun nan a kishingiɗe take ba shi, don zaman yana ba shi wahala. Na nuna mata maganar Anti Nas cewa ba laifin kowa ba ne. Ɗazu na ce masa ya ce "aaa", ya harare ni, ya ce shi ba ɗan firamare ba ne. Muryar dai a dishe take, ban iya gane ko a jiƙe take ba. Anti, a Kano ko Zariya ina ake samun masu irin aikinku? Kuma zuma fa, Mama na tambaya ko za a iya lasa masa a harshe?

Ummu_Hanan:
Ki tambayi likitan da ke duba shi ya tura ku, a manyan asibitocin koyarwa ake fi samunmu, wani wurin ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Zumar ku dakata tukuna har a gwada haɗiyarsa. Ki turo mini saƙo ta gefe.

Hajiya_Inna:
Zuma kuma? Ita ma an hana?